Igiya Daban, Kujera Daban: Amsoshin Tambayoyinku Kan Masu Bincike

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru mini a wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi: wane ne ke riƙe da bincike, wa ke gaba da wa, kuma ƙofar wa ya kamata mutum ya ƙwanƙwasa idan magana ta cije. Na tsamo guda shida. Kamar yadda muka saba, ba na buga sunan mai tambaya, garinsa da sana'arsa sun wadatar. Ga waɗanda yau suka fara leƙo wannan fili, ni tsohon ɗan sanda ne. Na shiga aiki ina kurtu ta Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, na ajiye kaki da anini uku a kafaɗa, kuma akasarin aikina a ɓangaren binciken laifuka na yi shi.

TAMBAYA: Yallaɓai, an fasa mini shago da dare an kwashe dilolin atamfa da shadda. Na kai ƙara caji ofis, sai aka haɗa ni da wani sajan aka ce shi ne IPO ɗina, wato mai binciken ƙarata. Dukiyar nan ba kaɗan ba ce, ina ganin kamar an raina ni. Ina da aboki da ya san wani ACP a hedikwata. In nemi a karɓe binciken a ba wa babba? Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Alhaji, Allah Ya mayar maka da mafi alheri, Ya tona asirin duk mai hannu a ciki. Batun raini kuwa, cire shi daga ranka, kuma ina roƙonka kada ka yi gaggawar ƙwace fayil ɗin nan daga hannun sajan.

Kowane ɗan sanda abu biyu yake ɗauke da su. Na farko girma, wato abin da kake gani a hannun riga ko a kafaɗa. Ana farawa daga kurtu wanda ba shi da igiya, sai kofur mai igiya biyu, sai sajan mai igiya uku, a wuce zuwa sufeto. Daga nan a tsallaka sahun manyan jami'ai: ASP mai anini ɗaya ko biyu, DSP mai anini uku, SP mai tambarin Najeriya, sai CSP. Gaba da su akwai ACP da DCP, waɗanda za ka ji an kira su duka biyun mataimakin kwamishina a rediyo alhali DCP ne babba, sannan kwamishina, sai AIG da DIG, mataimakan Sufeto Janar, har a dangane da Sufeto Janar. Wannan tsani shi ke tantance albashi da wanda zai ƙame wa wani, kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke da ikon ƙara wa mutum girma ko rage masa, in ban da Sufeto Janar da Shugaban Ƙasa ke naɗawa.

Na biyu kujera, wato aikin da aka ɗora wa mutum a inda yake yanzu. DPO mai riƙe da caji ofis kujera ce, DCO mai kula da sashen laifuka na caji ofis kujera ce, haka kakakin runduna, haka kwamandan yanki, haka IPO. Babu ko ɗaya a cikinsu da tela ke ɗinkawa a riga. Girma kamar furfura ne, duk inda mutum ya nufa da abinsa yake tafiya. Kujera kuwa, ranar da sigina ta zo daga hedikwata a nan zai tashi ya bar ta ga wani. Shi ya sa za ka tarar da DPO a babban gari CSP ne, a wani ƙaramin yanki kuma SP ko ma DSP, amma ikon da doka ta ba mai riƙe da caji ofis iri ɗaya ne a hannunsu. Ko a can sama haka abin yake: ba kowane kwamishina ne ke da jiha ba. Rundunonin jiha 36 ne da ta Abuja, kwamishinonin kuma sun fi haka yawa, sauran suna riƙe da sassa a hedikwata da makarantun horaswa.

To IPO fa? Duk ɗan sandan da aka miƙa wa fayil aka ce bincika, ya zama IPO na wannan magana. Kofur na iya zama, sufeto na iya zama. Kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. Fayil ɗinka yanzu haka yana da bango mai ɗauke da lamba da sunan laifi. A ciki akwai bayanin da ka sa wa hannu, da na shaidu, da takardar da sajan ke rubuta duk takun da ya yi, da rana da lokaci: na je shago ƙarfe kaza, na ga kaza, na ɗauko kaza. A gefe guda akwai takardar umarni, inda DCO ke rubutawa da hannunsa: a gayyato maigadi, a binciko wanda ke riƙe da makulli na biyu, a dawo mini da fayil ranar Alhamis. Daga teburin DCO fayil ya hau na DPO. Ka ga ke nan manya biyu suna kan maganarka tun ranar da ka kai ƙara, ko da ba ka taɓa zama da su ba.

Ina ƙaramin ma'aikaci na yi aiki ƙarƙashin wani dattijon sajan. Wata safiya muka je wani shagon hatsi da aka fasa, jama'a sun cika wurin, kowa na nuna kwaɗon da aka yanke aka yar a bakin ƙofa. Bai ce uffan ba, ya tsuguna, ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya ɗago ya duba. Ya kira ni ya ce, "Yaro, ina garin ƙarfen?" Babu. Duk wanda ya taɓa yanka ƙarfe da zarto ya san gari na zuba a ƙasa. Ya ce an buɗe ƙofar nan da makulli, kwaɗon kuma a wani wuri aka yanke shi aka kawo aka ajiye don a ɗauke mana hankali. Kafin la'asar maganar ta koma kan 'yan cikin gida, kuma a can aka samu kayan. Wannan ido ba anini ke ba da shi ba. Sajan da ya daɗe a unguwa ya san dillalan kayan sata, ya san masu kura da ke aikin dare, ya san wanda aka sallamo daga gidan yari watan jiya. Babban jami'i da ke hedikwata bai san ko ɗaya ba, kuma ba laifinsa ba ne, aikinsa daban.

Shi ACP ɗin abokinka, ka fara tambaya wace kujera yake kai. In motoci yake kula da su ko sha'anin mulki, ba shi da wurin sa hannu a fayil ɗinka. Wayarsa za ta iya sa a yi rawar jiki, na sani. Amma na sha ganin abin da irin wannan waya ke haifarwa: a kwaso maigadi da yaran shago da makwabta a zuba bayan kanta don a nuna ana aiki, ɓarawon gaske kuma ya ji labari ya ƙara nisa da kaya.

Abin da zai amfane ka shi ne ka kai wa sajan rasit, da alamar da ke jikin dilolin, da sunayen duk wanda ya taɓa riƙe makulli, ka kuma tambayi makwabta ko akwai mai kyamara. In ka ga an yi sake, gaba da gabanta: nemi ganin DCO, in bai yi ba DPO. In duk ba ka gamsu ba, rubuta takardar koke zuwa ga kwamandan yanki ko Kwamishina a Bompai. Kwamishina na da ikon ba da umarni a ɗauke fayil a kai sashen binciken manyan laifuka na jiha, wato CID, wanda DCP ke shugabanta. A can ma, kada ka yi mamaki in wanda zai fita rana saboda kayanka sufeto ne ko sajan.

TAMBAYA: Malam, ɗana direban adaidaita sahu ne. Ya yi faɗa da fasinja aka kama shi, yau kwana uku yana bayan kanta. IPO ya ce shi kaɗai ke da ikon sakinsa, in kawo kuɗi, kuma wai mace ba ta tsayawa beli. Ubansa ya rasu. Ina zan sa kaina? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Hajiya, wannan saƙo naki ya taɓa ni, kuma shi na fara amsawa ta waya kafin a buga. Ina maimaita amsar a nan saboda iyaye mata irinki suna da yawa.

Maganganun nan uku da aka faɗa miki, babu ta gaskiya a ciki. IPO mai bincike ne, ba shi ke ba da beli ba. Iyakarsa ya rubuta shawara a fayil. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ga jami'in da ke riƙe da caji ofis ta danƙa wannan iko, wato DPO. Beli a hannun 'yan sanda kyauta ne, a yawancin ofisoshi ma a rubuce yake jikin bango kusa da kanta. Batun mace kuwa, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta fito fili ta ce ba za a hana mutum tsayawa wani ba don kawai mace ce, jihohi kuma sun yi tasu kwatankwacinta, Kaduna ta yi a 2017, Kano a 2019. Abin da ake dubawa ga mai tsayawa shi ne a san shi, a san gidansa, a tabbata zai kawo wanda ya tsaya wa ranar da aka neme shi.

Kwana ukun ma ya saɓa wa doka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. A cikin Zariya ba a rasa kotu ba.

Gobe da safe ki tafi da katin shaidarki da hotuna, ki samu mai unguwarku ko wani dattijo ya raka ki. Kada ki nemi IPO. Ki tsaya a kanta ki ce DPO kike son gani a kan beli, in an ce ba ya nan ki nemi DCO. Ki yi magana a natse, ki faɗi sunan ɗanki da ranar da aka kawo shi. Sau da yawa DPO bai san an nemi kuɗi ba, kuma ba zai so a ji cewa ya sani ba. In aka toshe miki hanya, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta, akwai kuma sashen karɓar koken jama'a, CRU, da rundunar ta buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase domin irin wannan.

Sai dai a kula. Duk wannan a kan laifi ne irin na ɗanki, faɗa ko ƙaramar sata. In zargin kisan kai ne ko fashi da makami, DPO ma hannunsa a ɗaure yake. Fayil zai wuce CID na jiha, belin kuma sai Babbar Kotu.

Ga 'yan'uwana da ke cikin kaki kuma: mace ta zo maka ba miji, ka dubi idonta ka ce mata kai ne farko kai ne ƙarshe, alhali ka san akwai teburi biyu a samanka. Wannan zalunci ne, kuma shi ke sa yaro ya tashi yana ƙin kakin da muka sa.

TAMBAYA: Baba, ina aji shida a sakandare. A finafinan Turawa ina ganin ditektif, a Amurka kuma akwai na FBI. Ni aikin da nake so ke nan. Wane girma ne ditektif a Najeriya, kuma ta ina ake shiga? Daga wani ɗalibi, Azare.

AMSA: Ɗana, Allah Ya cika maka buri. A rundunarmu babu igiya ko anini mai suna ditektif. Ɗan sanda ne aka tura shi sashen bincike, ya tuɓe kaki ya sa kayan gida, girmansa na nan yadda yake. Gobe in aka mayar da shi sashen kula da zirga-zirgar motoci zai ɗauko kakinsa ya sa. Wannan tsari daga Ingila muka gaje shi. A can, sajan mai bincike da sajan mai kaki daraja ɗaya ne, sai dai mai binciken ya ci jarrabawar masu bincike an ƙara masa laƙabin a gaban girmansa.

Amurka kuwa kowane birni da nasa tsarin. A Niyok ditektif na da mataki uku, na uku, na biyu, na ɗaya, albashi na ƙaruwa, amma ko wanda ya kai na ɗaya, mafi girma, ba shugaban kowa ba ne, sajan ke ba shi umarni. A Los Anjalis kuma ditektif girma ne a cikin tsani. A FBI duk mai bincike wakili na musamman ake kiransa, daga wanda ya fito makarantarsu ta Kwantiko jiya har wanda ya kusa ritaya. Tsarin Niyok ɗin nan yana burge ni ta fuska ɗaya: gwanin bincike na iya ci gaba a rayuwa ba tare da an raba shi da binciken ba. Mu a nan, in mutum ya ƙware, ladansa shi ne a ƙara masa girma a ɗora shi kan teburin sa hannu.

Hanyar shiga biyu ce a gabanka. Ko dai ka nemi Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil ta hanyar JAMB, ka yi shekara biyar ka fito da digiri da aninin ASP, ko ka shiga kurtu da takardar sakandare ka hau tsani daga ƙasa kamar yadda na yi. Ta kowace ka bi, sai ka yi aikin kaki tukuna kafin a tura ka bincike. Akwai kwalejin horar da masu bincike a Inugu, ka sa rai da ita in lokaci ya yi.

Tun yanzu ka gyara rubutunka na Turanci da Hausa. Rabin aikin nan rubutu ne. Za ka zauna da tsohuwa mai kuka ta ba ka labari a hargitse, kai ne za ka rubuta shi yadda ta faɗa ba ƙari ba ragi, kuma bayan shekaru lauya zai tsayar da kai a kotu ya bi shi layi-layi. Ka kuma koyi kwamfuta da lissafin kuɗi, domin ɓarayin yanzu a waya da asusun banki suke barin sawu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina sayo kaya daga Kano in bi ta Jibiya zuwa gida. Kayana sun ɓace a hanya, na shiga caji ofis na ce kwamishina nake son gani, aka ce sai in tafi Katsina. Mu a nan komiser yana cikin komisariya, kowa na iya ganinsa. Me ya sa naku yake ɓuya? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

AMSA: Alhaji, ba ɓuya yake yi ba, mutum biyu ne daban. Naku komiser ɗin da ke riƙe da komisariyar gari, takwaransa a wurinmu shi ne DPO, wanda wasu ke kira baturen 'yan sanda. Kwamishina a Najeriya jiha sukutum yake riƙe da ita, na Katsina yana da ƙananan hukumomi 34 a ƙarƙashinsa. In ka sake zuwa, DPO za ka nema.

Bambancin ya wuce nan ma. Ku tsarin Faransa kuka gada, mu na Ingila. A wajenku akwai abin da ake kira OPJ, izini ne da doka ke ba wasu jami'ai na gudanar da binciken laifi da tsare wanda ake zargi. Ana samun mai wannan izini a cikin 'yan sanda, ana samu a cikin jandarmomi, kuma a wannan aikin suna amsa wa mai shigar da ƙara na gwamnati ne. In laifin babba ne, akwai alƙali mai bincike da ke karɓar ragama, shi ke kiran shaidu yana ba jami'ai umarni. Mu ba mu da irin wannan alƙali. Namu alƙalin yana zaune a kotu yana jiran abin da za a kawo masa. 'Yan sanda ke bincike daga farko har ƙarshe, in babban laifi ne su tura fayil Ma'aikatar Shari'a lauyoyin gwamnati su ba da shawara ko akwai hujjar gurfanarwa.

Tunda kayan a ɓangarenmu suka ɓace, ka zo da takardar lodin kaya, da lambar mota, da sunan direba da tashar da aka yi lodi. Ka kuma biya ta wajen shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar, sun fi kowa sanin wanda ya ja motar a ranar.

TAMBAYA: Shin shugaban EFCC ya fi Kwamishinan 'Yan Sanda girma? Mun yi gardama a ofis. Daga wani ma'aikacin gwamnati, Gombe.

AMSA: Malam, shugabancin EFCC kujera ce, ba ta cikin tsanin 'yan sanda, don haka gardamar taku ba ta da ma'auni ɗaya. Dokar hukumar ta 2004 cewa ta yi wanda za a naɗa kada ya gaza ACP ko kwatankwacinsa a wata hukumar tsaro, kuma ya kasance ya yi shekara 15 a fagen.

Tarihin Malam Nuhu Ribadu ya ishe ku misali. A 2003 da aka ba shi hukumar yana ACP ne, amma daga wannan kujera ya gurfanar da Tafa Balogun, mutumin da ya riƙe Sufeto Janar, har kotu ta ɗaure shi a 2005. A 2007 aka ɗaga Ribadu zuwa AIG, a ƙarshen shekarar aka ɗauke shi daga kujerar aka tura shi kwas Kuru, a 2008 kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ta mayar da shi DCP. Hannun da ya taɓa kujerar daban, wanda ya taɓa girman daban. A 2021 aka naɗa Abdulrasheed Bawa, wanda bai taɓa zama ɗan sanda ba, cikin hukumar ya taso, kuma a lokacin an yi ta muhawara ko matakinsa ya kai na ACP. EFCC na da nata tsanin, NDLEA na da nata, kwastan da shige da fice haka. Sufuritanda a wata hukuma ba shi da ikon ba kurtun wata hukuma umarni, sai in an haɗa su aiki ɗaya an ce shi ne jagora.

TAMBAYA: Yallaɓai, an kashe ƙanena. CID sun gama bincike, magana tana Babbar Kotu, amma kullum sai a ɗage wai IPO bai zo ba. An ce an ƙara masa girma an mayar da shi wata jiha a kudu. Ba za a iya sa wanda ya gaje shi ya zo ba? Mahaifiyarmu ta gaji da zirga-zirga. Daga wani malamin makaranta, Gusau.

AMSA: Malam, Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya ba Mama haƙuri da juriya. Ka taɓo inda ya fi yi mini ciwo a aikin nan.

Na ce kujera ana barinta, amma IPO na da wani nauyi da ke binsa duk inda ya je, wato shaida. Kotu ba ta son jin "an ce". Wanda ya je wurin da abin ya faru, ya ɗauko wuƙa da hannunsa, ya rubuta bayanin wanda ake tuhuma, shi ake so ya tsaya ya yi rantsuwa a yi masa tambayoyi. In wanda ake tuhuma ya ce dukansa aka yi ya amsa laifi, sai an yi wata ƙaramar shari'a a cikin shari'ar, kuma wanda ya rubuta bayanin ne zai kare shi. Wanda ya gaji teburinsa bai ga komai ba, takarda kawai ya tarar. Ko IPO ya zama DSP, ko ya yi ritaya, a wannan shari'ar shaida ne.

Matsalar ita ce ana yin canjin wurin aiki ba tare da an duba shari'o'in da ke wuyan mutum ba. Na san jami'an da suka riƙa biyan kuɗin mota daga aljihunsu, su kwana a hanya, su iso kotu a ce alƙali bai zauna ba. Mai tsoron Allah zai sake dawowa, wani kuma ba zai dawo ba, lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya nemi a kori ƙara. A ganina bai kamata a ɗauke mai bincike daga jiha yana da shari'ar kisa a buɗe ba, in kuma ya zama dole, runduna ta ɗauki nauyin zuwansa.

Kada ku tsaya jiran ranar zama. Ka je Ma'aikatar Shari'a ta jiha ka nemi lauyan gwamnati da ke riƙe da ƙarar, ka roƙe shi ya nemi kotu ta fitar da sammacin shaida, a bi da shi ta sashen shari'a na CID domin a tura sigina zuwa rundunar da jami'in yake yanzu. In sammaci ya bi ta hannun kwamishinansa, fitowa ta zama umarni. Ka tambayi lauyan ko akwai wani a cikin ayarin binciken da ya je wurin tare da IPO kuma har yanzu yana jihar, domin a CID da wuya mutum ɗaya ya yi binciken kisa, kuma shi ma zai iya shaidar abin da ya gani da idonsa. Dokar Shaida ta 2011 ta kuma buɗe wata ƙofa: in an kasa samun mai bincike bisa dalili mai ƙarfi, kotu na iya karɓar rubutaccen bayaninsa mai sa hannu, amma sai in ɓangaren wanda ake tuhuma bai yi jayayya ba, kuma a shari'ar kisa da wuya su yarda.

Lokacin da za ka je wurin lauyan, ka tafi da lambar ƙarar, da cikakken sunan IPO, da lambar aikinsa in kana da ita, da jerin ranakun da aka ɗage zama saboda rashinsa. Mama kuma ba dole ba ne ta halarci kowane zama in ba ranar da za ta ba da shaida ba ce, kai ka riƙa zuwa a madadinta.